Layin da Akawu Ya Bari Fari

Shekara ashirin da bakwai Akawu ya yi a ɗaki ɗaya, amma in ka tambaye shi launin bangon ɗakin, sai ya ɗaga kai ya duba kafin ya ba ka amsa. Ɗakin yana can bayan wani ƙaramin asibiti na masu hawan jini da ciwon suga, tsakanin sito da banɗakin ma'aikata. Taga ɗaya gare shi, ita ma tankin ruwa take kallo. Akwai tebur, da kujerar da aka ɗaure ƙafarta ɗaya da waya, da fanka mai girgiza kai duk yini kamar tana ƙin abin da ake faɗa mata. Majinyata ba sa zuwa nan. Ta gaba suke shiga, ta gaba suke fita. Katunansu kawai ake tattaro masa a kwali da azahar, shi kuma ya shigar da lamba da kwanan wata a kwamfuta. Mutum ɗari shida da 'yan kai ne suke karɓar magani a wurin kowane wata. Da zai haɗu da su a titi, ko ashirin ba zai gane ba.

Cikin ɗari shidan nan akwai mutum ɗaya da ba lamba ba ce a wurinsa: yayarsa. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Da wanki da guga ta biya masa makarantar koyon buga tafireta, har yau kuwa in ya kalli hannunta na dama sai ya ga tabon dutsen guga a gefen babban yatsa. Ita kaɗai ce a duniya take ce masa Auta, da furfurarsa da tabaransa. Shekara huɗu da suka wuce jininta ya hau, Likita ya ce mata maganin nan ba a fasa shi, kowane wata sai ta zo an auna ta an ba ta sabo. Yaya ba ta karatu, ba ta riƙe kwanan wata, ga unguwarta a wancan ƙarshen gari. Tana zaune da matar ɗanta, ɗan kuwa direban babbar mota ne, sai ya yi mako uku ba a gan shi ba. Saboda haka tunawa da ranar Yaya ya zama aikin Akawu, kuma bai taɓa ganin nauyinsa ba.

Abin da ya yi masa nauyi shi ne komai ban da wannan. Mota biyu yake hawa da safe, biyu da yamma, rabin hanya a tsaye. Gadon bayansa ya daɗe da yin yaji. In ya dawo gida, mai ɗakinsa takan dube shi ta ce, "Sannu da zuwa, mai asibiti. An raba maka hannun jarin ne yau, ko sai gobe?" Shi kuma ya ce, "Gobe," ya cire takalmi, ya zauna a bakin gado yana kallon ƙafafunsa. Ba mai ƙorafi ba ne. Gajiyar ce ta zauna masa a jiki har ta zama halinsa, mutane suna cewa Akawu akwai natsuwa, alhali ƙarfin yin magana ne ba shi da shi.

Ranar da ta fi cin ransa ita ce Alhamis. Ran nan ne ake fitar da sunayen waɗanda lokacinsu ya wuce ba su zo ba, a ba Sista, babbar ma'aikaciyar jinya, ta sa a bi su da waya. Tun da aka kawo kwamfuta aka ce masa aiki ya yi sauƙi. Ƙarya ce. Rajistar nan dai ce aka ɗauke daga takarda aka sa a bayan gilashi. Yakan ɗora rula a jikin gilashin, ya bi layi ɗari shida ɗaya bayan ɗaya, kalanda a gefe, yana ƙirga kwanaki da yatsa. Daga safe har la'asar. Idanunsa su yi ta zubar da ruwa, Sista ta leƙo ta ce, "Akawu, wa ya rasu?" ya ce, "Idona ne, Sista."

A ƙarshen bara aka turo wata malama ta koyar da ma'aikata kwamfuta na kwana uku. Da ta ga rular nan sai da ta riƙe baki. Ta ce masa akwai abin da ake kira makiro, wato 'yan umarni ne da mutum zai rubuta wa kwamfuta, ta bi gurabe ɗaya bayan ɗaya, ta duba abin da ke cikin kowanne, ta yi abin da aka ce mata. Ta nuna masa misali guda ta tafi abinta. Akawu da aka sani ba ya zumuɗin komai, sai ga shi ya kamu. Lokacin hutun rana, yana shan shayi mai sanyi, yana kallon darasi a wayarsa, yana tsayar da shi yana kwafa a bayan tsohon kati. Ya yi kuskure ya fi a ƙirga. Sau ɗaya makiron ya shafa wa shafin gaba ɗaya ja, sau ɗaya kuma ya ƙi tsayawa har sai da aka zare wa kwamfutar wuta. Mako uku ya yi a kan layi goma sha ɗaya na rubutu, da ƙyar da jiɓin goshi.

Abin da ya rubuta, in an faɗe shi da bakin mutane, shi ne: fara daga sunan farko. Duba ranar da ya zo ƙarshe. In ta wuce kwana talatin da bakwai, shafa wa layin ja, ka kwafe sunan da lambar waya zuwa shafi na biyu. Sauka layi na gaba, ka sake. Ci gaba da haka har sai ka tarar da gurbin da babu komai a ciki, nan ne ƙarshe, sai ka tsaya.

A farkon shekara aka buɗe sabon fayil kamar yadda aka saba, aka kwaso masu rai aka jera su ba giɓi. Ranar Alhamis ta farko Akawu ya danna maɓalli. Kafin ya ajiye kofin shayinsa an gama. Suna arba'in da uku. Bai yarda ba, ya ɗauko rula ya bi da ido yini guda, ya sami arba'in da uku cif. Ya yi dariya shi kaɗai a ɗakin nan, har mai shara ta leƙo ta ga ko lafiya. Rabon da ya ji daɗin wani abu da ya yi da hannunsa haka, tun ranar da ya fara buga tafireta ba ya kallon yatsunsa.

A ƙarshen makon ya hau mota uku ya je wurin Yaya. Ya tarar tana fama da tsakuwoyi a gwangwani, kullum tana jefa ɗaya don ta ƙirga kwanakin wata, jikokinta kuma suna kwashewa suna wasa da su.

"Yaya, zubar da duwatsun nan," in ji shi. "Na yi wani abu a kwamfuta. Duk ranar da lokacinki ya wuce, da kanta za ta fito da sunanki, a kira ki."

"Ita na'urar ta san ni?"

"Ta san ki sarai. Kina layi na ɗari huɗu da biyu."

"To in ba a kira ba fa, Auta?"

"In ba a kira ba, ba komai ke nan. Ki kwantar da hankalinki."

Abin da yake nufi daban, abin da ya faɗa kuma shi ne abin da ta riƙe. Ta zubar da tsakuwoyin a gabansa. Wata na farko aka kira ta, ta zo. Wata na biyu aka kira ta, ta zo. Shi kuma ya sauke wannan kayan daga kansa, ya ji wata irin sakewa da ya daɗe bai ji ba.

Akwai wata ɗabi'a da Akawu ya gada daga tsohon babban akawun da ya koya masa aiki, tun zamanin rajista mai jan bango. In majinyaci ya rasu, ba a soke sunansa da biro, ba a kuma ba wani layinsa. Ana yanko farar takarda a manna a kai, layin ya zauna fari har shekara ta ƙare. Tsohon yakan ce, "A bar masa wurinsa, bai daɗe da tashi ba." Tsohon ya mutu, rajista ta koma kwamfuta, Akawu bai fasa ba. In aka kawo masa labarin rasuwa, sai ya yi wa mamacin addu'a, ya goge abin da ke layin, ya bar shi fari. Shekaru yana haka babu matsala, don ido in ya ga fari tsallakewa yake yi ya ci gaba.

A wata na uku aka kawo masa katin wani mai gyaran agogo da ya rasu. Layi na ɗari da talatin da takwas. Ya yi addu'a, ya goge, ya bar masa wurinsa.

Alhamis ɗin da ta biyo baya sunaye goma sha biyu suka fito. Bayan wata biyu wata tsohuwa ta rasu a layi na hamsin da biyu, sunaye suka koma biyar, wani makon ma uku. A taron ma'aikata Likita ya ɗaga takardar ya ce a tafa wa Akawu, tun da ya kawo tsarin nan mutane sun daina fashin magani. Aka tafa. Cikin shekara ashirin da bakwai, wannan ne karo na farko da aka ambaci aikinsa a taro ba don wani abu ya ɓace ba. Gaskiya wani abu ya ɗan sosa masa rai, don ya san halin mutane da magani, bai taɓa ganin sun shiryu dare ɗaya ba. Ya dubi rular a cikin aljihun tebur. Ya tuna yini guda, da ruwan ido, da bayansa. Ya mayar da aljihun ya rufe. Yabon ya yi masa daɗi, kuma ya gaji.

Zuwa wurin Yaya ma ya ja baya. Mota uku ne, kuma ranar hutu ɗaya gare shi. Yakan kira ta a waya.

"Yaya, ya jiki?"

"Lafiya lau, Auta. Kana cin abinci kuwa?"

Bai taɓa tambayarta magani ba. Me zai tambaya? Sunanta bai fito ba.

Wata Laraba a wata na bakwai, da hantsi, ya ji hayaniya daga gaba. Can sai ga Sista ta shigo ɗakinsa da kati a hannu, ba ko sallama. Mace ce mai barkwanci, amma ran nan fuskarta ba wasa.

"Akawu, duba min wannan. Mai gidan burodi ne, yanzu aka shigo da shi a kan hannu, suga ya kusa kai shi. Wata huɗu rabonsa da mu. Matarsa ta ce ba wanda ya kira su. Me ya sa sunansa bai taɓa fitowa ba?"

Ya buga lambar. Layi na ɗari uku da goma. Ranar zuwansa ta ƙarshe tana nan a rubuce, tun wata na uku, layin kuwa fari tas, ko ɗigon ja babu.

"Ba ni minti goma, Sista," in ji shi.

Malamar nan ta nuna masa yadda ake sa makiro ya yi tafiya a hankali, taki ɗaya-ɗaya, mutum yana kallo. Ya sa shi haka. Ya riƙa danna maɓalli yana bin sa da ido yana sauka. Layi na goma. Na talatin. Na hamsin. Na hamsin da ɗaya. Ya iso layin tsohuwar nan, ya tarar ba komai, ya tsaya. A wurinsa aiki ya ƙare. Abin da aka ce ya yi ke nan, bai ƙara ba, bai rage ba.

Akawu ya zauna yana kallon farin layin. Ƙarƙashinsa mutum ɗari biyar da hamsin ne a jere, ba wanda ya duba su. Waɗanda ke ƙasa da mai gyaran agogo kuwa tun wata na uku rabon da a waiwaye su. Sai ya tuna da Yaya. Bai so ya sauka ba, amma hannunsa ya riga shi. Ɗari huɗu da biyu. Zuwan ƙarshe: wata na biyu.

Gyaran bai ɗauke shi minti biyar ba, wannan ne ma ya fi yi masa ciwo. Ya sa makiron ya fara gano layin ƙarshe da ke da suna, sannan ya bi tun daga sama har can, in ya tarar da fari ya tsallake ya wuce. Ya danna. Shafin ya yi jajawur. Firinta ta yi ta aman takarda, suna ɗari da tamanin da uku, shafi shida.

Ya kai wa Sista da hannunsa. Wannan ne karo na farko cikin shekaru da ya ratsa ta gaba, majinyata a kan benci suna kallonsa ba su san ko wane ne ba.

"Ba kwamfuta ba ce," in ji shi. "Ni ne. Ni na ce ta tsaya in ta ga fari, ni kuma nake barin farin. Ki gaya wa Likita haka, ko ni in gaya masa."

Sista ta juya shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ya jira ta wanke shi tas, da ma ya fi son haka. Sai kawai ta zauna a bakin tebur ta ce, "Mu ma mun ga benci yana raguwa, Akawu. Muka ce hutu ne ya zo mana." Ta raba takardun ga 'yan matan jinya, kowa shafi biyu, ta ce a ajiye komai a fara kira. Sannan ta tsaya a wani suna a shafin da ya rage a hannunta, ta ɗago ta dube shi. "Wannan ba yayarka ba ce?"

"Ita ce."

"To me kake jira? Je ka ɗauko ta."

Ya kira wayar Yaya a hanya, ba a ɗauka ba. Bai jira motar haya ta cika ba, ya tare tasi shi kaɗai, abin da bai taɓa yi ba. Rana tsaka, hanya cunkushe. Direban yana ta ba shi labarin tsadar taya, shi kuma yana jin maganarsa ta ranar nan tana dawo masa kalma-kalma: in ba a kira ba, ba komai ke nan.

Matar ɗan Yaya ce ta buɗe ƙofa, da jariri a baya. Da ta gan shi sai idonta ya kawo ruwa.

"Kawu, wallahi ita ta hana mu gaya maka. Ta ce kana da gajiya, kada a ɗora maka."

"Me ya same ta?"

"Shekaranjiya ne da safe. Kofi ya suɓuce mata. Tun daga nan hannun ya ƙi. Na ce mu je asibiti, ta ce ba a kira ta ba."

"Maganinta fa?"

"Ya ƙare tun tuni, Kawu. Ta ce in da ana bukatarta da na'urarka ta faɗa. Har murna ta yi, wai an sallame ta."

Yaya tana zaune a bakin gado, ta jingina da bango. An ɗaura mata ɗankwali a karkace, da gani ba ita ta ɗaura ba. Gefen bakinta ya ɗan ja ƙasa. Hannun dama yana kan cinyarta a buɗe, tabon dutsen guga yana sama. Da ta gan shi fuskarta ta yi haske, rabin da ya iya.

"Auta," ta ce, maganar tana fita da nauyi. "Ka rame."

Ya durƙusa a gabanta. Ya shirya magana a cikin tasi, mai tsawo, wadda ta fara daga tsohon babban akawu da farar takarda. Duk ta gudu. Ya kama hannun nan ya matsa, bai ji ta matsa nasa ba.

"Tashi mu je asibiti, Yaya. Mota tana waje."

Ta dube shi da kyau. "An kira ni ne?"

Ya gyaɗa kai. "An kira ki, Yaya. Yau sunanki ya fito."

Ta juya kai a hankali wajen matar ɗanta, da alamar wadda gaskiyarta ta fito.

"Kin gani ko? Na ce miki abin Auta ba ya mantuwa."

Akawu ya sunkuya. Ya jawo takalmanta daga ƙarƙashin gado. Na hagu ta sa da kanta. Na dama shi ya ɗaga ƙafar ya sa mata.